Godiya ga ma'aikatan kantin kayan fenti da gyaran katako

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku, kuma 'yan'uwana masu sana'ar katako su san irin kulawar da ake samu a kantinku. Ni ƙananan kaya nake yi: akwatin ajiye sarƙa da 'yan kunne, firam na hoto, ƙaramar kantar littattafai. Irin wannan aiki bai kai a tayar da injin feshi ba, shi ya sa man sheƙi na gwangwani, wanda ake fesa wa katako, ya fi mana sauƙi. Matsalar ita ce gwangwanayen duk kamarsu ɗaya a ido, kowanne an rubuta yana sheƙi kuma ba shi da launi, alhali man iri-iri ne gwargwadon sinadarin da aka haɗa shi da shi: akwai na akirilik, na naitiroselulos da na foliyuritan.

Abin da ya fi burge ni ranar da na zo sayen man shi ne dattijon da ke kula da sashen bai miƙo mini komai ba sai da ya yi tambayoyi. Katakon fari ne ko mai duhu? A ɗaki za a ajiye kayan ko a waje? Akwai wani fenti a jikinsa tun da farko? Da na ce fari ne, sai ya ce: "To Malam, ɗauki na akirilik." Ya bayyana mini cewa na naitiroselulos yana saurin bushewa, kuma kowane shafi yana narkewa cikin na ƙasansa, don haka gyaransa ba wuya idan ya karce, amma a hankali yakan koma rawaya-rawaya. A kan katako mai duhu wannan har kyau yake ƙarawa, a kan fari kuwa ɓata shi yake yi. Na akirilik yana nan garau. Ya kuma gargaɗe ni kada in fesa shi a kan tsohon fentin mai, domin sinadarin da ke ciki yana da ƙarfi, yana iya sa fentin ya yamutse ya tashi. Teburin cin abinci kuwa, inda za a riƙa ɗora kofi mai zafi, ya ce foliyuritan ya fi juriya.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko guntun katako ya nuna mini da hannunsa. Ya girgiza gwangwanin kamar minti 2 bayan ƙwallon ciki ya fara ƙara, ya riƙe shi nesa da katakon da santimita 20 zuwa 30, ya fara feshin tun kafin ya iso bakin katakon, bai saki ba sai da ya wuce ɗaya bakin. Shafi siriri sau 3 ko 4, in ji shi, ya fi mai kauri guda ɗaya da zai tsiyaya. Kafin a fara a goge da sanfefa mai lamba 220, tsakanin shafi kuma da mai lamba 320 ko 400 a hankali, saboda mai sheƙi ba ya rufa wa karce asiri. Daga bakinsa na ji cewa fari-farin da kan fito kamar hazo danshin iska ne ke jawo shi, don haka a jira ranar da iska ta bushe. Idan an gama, a kifa gwangwanin a fesa har sai iska kaɗai ke fita, don kada bakin ya toshe.

Na ji daɗi ƙwarai da kuka damu da lafiyar mai saye. Kun nanata a yi feshi inda iska ke shiga da fita, nesa da wuta, da takunkumi mai tace tururin sinadari, domin na ƙura kawai ba ya tare shi.

Akwatunan sun fito sumul, zanen katakon yana bayyana ta cikin sheƙin, masu su kuma sun yaba. Duk wanda ya tambaye ni, wurinku nake turo shi. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara kasuwa, ya albarkaci dattijon nan da iyalinsa.

Naku,
Wani kafinta mai ciniki da ku