Kafin a ɗaga gaban a-kori-kura, a fara ɗora mata kaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana masu a-kori-kura irin ta shiga daji, game da yayin nan na ɗaga gaban mota don ya yi daidai da bayanta. Ni ma na bi yayin, kuma na ji a jikina.

Motata Hilux ce, samfurin da ya fara fitowa a 2004, wanda gabansa ke da hannuwa biyu a kowace ƙafa, na sama da na ƙasa, da sifirin mai murɗe a jikin shokabzoba, bayansa kuma sifirin ne mai falle-falle. Duk wanda ya tsaya a gefen irin wannan mota babu kaya zai ga ta ɗan sunkuyar da kai. Na sa tef na auna tawa, daga tsakiyar taya zuwa bakin madgad, sai na ga baya ya fi gaba da wajen inci 2. Abin ya riƙa damuna, don a ganina kamar raƙumi ne zai durƙusa.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, masu ƙera motar ba kuskure suka yi ba. Da gangan suka bar bayan a sama, saboda a-kori-kura motar lodi ce. Idan ka zuba mata kaya ko ka ɗaura mata tirela, sifirin baya ya kwanta, sai motar ta miƙe sak. Wannan tazarar da ke ba mu haushi ajiya ce aka yi wa kaya. Wanda ya cinye ta tun motar tana wayam, ranar lodi zai ga gindi a ƙasa, hanci a sama.

Haka kuwa aka yi. Na sayo wasu zobba masu kauri da ake ɗorawa a saman shokabzoba, kaurinsu inci ɗaya da rabi, ina zaton abin da gaba zai ƙaru da shi ke nan. Da aka sauke motar daga jak sai na ga ta tashi kusan inci 3. Dalili kuwa, shokabzoba ba a bakin taya take zaune ba, a jikin hannun ƙasa take, can wajen tsakiyarsa. Saboda haka ɗan abin da ka ƙara a nan, kafin ya isa taya ya kusa ninkuwa, kamar yadda ƙarshen doguwar sanda ya fi tsakiyarta motsi. Bakaniken da ya ɗaura mini bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba, don haka laifin namu ne mu biyu.

A makon farko na yi ta alfahari. Daren da na fara tafiya da lodi ne na gane kurena, don duk motar da ta tunkaro ni sai ta haske ni da babbar fitila, alhali ƙarama na kunna. Fitiluna ne suka koma kallon idon mutane maimakon hanya. Sitiyari ya yi sakayau, motar tana yawo, in na sha kwana ba ya son komawa tsakiya da kansa. Ba a jima ba tayoyin gaba suka fara cinyewa ta gefe ɗaya, domin ban kai ta alaimen, wato saita tayoyi, ba bayan aikin.

Amma inda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shaf ɗin gaba. A motar da kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai, difaranshal na gaba, wato akwatin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, a jikin shasi yake. In ka ɗaga shasin, shi ma ya tashi, taya kuma tana ƙasa, sai shaf ɗin da ke haɗa su ya karkace fiye da kima. Robar da ke riƙe giris a gaɓarsa tana ta gugar kanta har ta yage, giris ya watse, ƙasa ta shiga. Ranar da na fara jin ƙas-ƙas a kwana, aikin gama ya gama. Boljoyin na hannun sama, wato gaɓar da ke haɗa shi da ƙafa, shi ma yana shan irin wannan wahala, musamman lokacin da ƙafa ta rataye a rami. Wannan ne ya sa masu aikin da suka san abin da suke yi ba sa son wuce inci 2, wato milimita 50, sai in za a sauya hannun saman da wanda aka yi domin ɗagi.

Masu tsofaffin samfuri da ke da sandar murɗi a gaba a madadin sifirin, su nasu ya fi sauƙi, shi ya sa ya fi haɗari. Noti ɗaya ake ɗaurewa a kowane gefe mota ta tashi. Sai dai duk abin da ka samu a sama, ka rage wa ƙafa ne daga damar da take da ita ta sauka, mota ta koma dukan mutum a kan gargada. Land Cruiser 79 mai aksul guda a gaba, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa ƙafafun biyu, kuwa lissafinta daban ne, kada a haɗa.

Akwai kuma ruɗin da ya kamata a warware. Ɗaga gaba ba ya ƙara ko milimita ɗaya a ƙarƙashin difaranshal na baya, wanda galibi shi ne ke fara karo da dutse. Taya mai tsayi ce kaɗai ke ɗaga shi.

Ba cewa nake kada kowa ya taɓa gaban motarsa ba. Wanda ya ɗora bambar ƙarfe da winci, wato na'urar jan mota da igiya, nauyinsu ya danne gaba, lallai yana bukatar gyara, amma maganinsa sifirin da ya fi ƙarfi ne da shokabzoba da ta dace da shi. Zobe tsayi kawai yake bayarwa, ba ya ɗaukar nauyi. Wanda kuma bayan motarsa kullum wayam yake, ɗagin inci ɗaya ko ɗaya da rabi ba zai cuce shi ba, matuƙar ya yi alaimen ya kuma saita fitilu a ranar.

Ni dai na cire zobban nan, na sauya shaf, na sa ɗagin da bai wuce inci ɗaya ba. Kafin in yanke wannan shawara sai da na cika tanki, na ɗora kayan da na saba ɗauka, na tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sannan na sake fito da tef. Bambancin da ya rage tsakanin gaba da baya bai kai kaurin yatsana ba.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani mai a-kori-kura, mai karanta jaridarku