Amsa ga mai tambaya: sabon iri ko buhun agaji?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A bainar jama'a ka yi mini tambayar, don haka a bainar jama'a zan amsa. Cewa ka yi: wanda fari ya ƙone masa gona, ko ambaliya ta share masa amfani, sabon iri ne zai cika masa ciki? Me zai hana a kwashe kuɗin binciken noma a sayi abincin agaji?

Maganarka da ƙamshin gaskiya. Daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2022, damina biyar a jere ruwa ya ƙi sauka yadda ya kamata a sassan Somaliya, Habasha da Kenya. Uwar da ɗanta ke ramewa a hannunta a lokacin, abinci take nema a ranar. Sai dai buhu yana ƙarewa, fari kuma yana dawowa.

Dubi shinkafa. Idan ruwa ya shanye ta har kai, cikin 'yan kwanaki take mutuwa, domin tana ta yunƙurin yin tsawo ta leƙo sama har ƙarfinta ya ƙare. Masu bincike na cibiyar binciken shinkafa ta duniya (IRRI) da ke Filifin da abokan aikinsu sun lura da wani tsohon iri na manoman gabashin Indiya wanda shi lafewa yake yi a ƙarƙashin ruwa, ya adana ƙarfinsa. Suka sa wannan hali cikin irin da manoma suka saba shukawa, aka fitar da sabuwar shinkafa mai suna Swarna-Sub1 a Indiya a 2009. Tana iya yin kusan mako biyu a nutse, ruwa ya janye ta farfaɗo. Gidan da ya girbe wannan gona bai shiga layin agaji ba.

A arewacin Burkina Faso kuwa, wani manomi, marigayi Yacouba Sawadogo, ya raya wata tsohuwar dabarar noma da ake kira "zaï". Tun da rani yake haƙa ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, ya zuba taki. Takin ya jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga maimakon ya kwarare ya wuce. Abin da ke burge ni shi ne duka dabarun biyu daga hannun manoma suka samo tushe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Na taɓa ganin an kawo iri mai jure fari bayan an gama shuka, aka jibge shi a rumbu, manoma na kallo. An yi bincike, an kashe kuɗi, jinkirin 'yan makonni ya ɓata komai. Don haka in ka sake zama da masu rabon agaji, ina roƙonka ka tambaye su kashi nawa na kuɗinsu ke isa gona kafin saukar ruwan farko.

Wassalam.