Kan aikin ƙanwarka na Tu Youyou

Assalamu alaikum, Bazazzagi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Wato sai da aikin makaranta ya ƙure ƙanwarka ka tuna kana da ubangida a Kano. Ba komai, mun saba da halinku.

Ka ce ta rubuta sunan Tu Youyou, masaniyar nan ta ƙasar Sin da ta ci kyautar Nobel, a Google Scholar, ta rasa takardar farko ta maganin zazzaɓin cizon sauro da ta gano. Ba za ta same ta da wannan sunan ba. Aikin na sirri ne, Shiri na 523 da gwamnatin Sin ta kafa a 1967, ita kuma Tu ta shiga a 1969. Da aka tashi bugawa a 1977 cikin mujallar Kexue Tongbao, sunan rukunin masu binciken aka sa, ba na mutum ɗaya ba. Ta Turanci da ta fito a Chinese Medical Journal a 1979 ma haka take. To ta nemi kalmar qinghaosu ko artemisinin, wato sunan maganin, haɗe da shekarar, ta bar sunan.

Sannan Tu shi ne sunan gidansu. A PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, “Tu Y” za ta rubuta, amma masu wannan sunan sun fi 'yan adaidaita sahun Ƙofar Wambai yawa, dole ta ƙara artemisinin a gefe. In ta rubuta “Youyou, T.” a jerin madogara, malami zai ja mata jan biro, kuma da gaskiyarsa.

Af, mutumin naka na Kantin Kwari ya ƙara aure. Ka ce ba zai iya ba, ga shi har an tare. Hajiya kuma tana cigiyarka, ta ce ko kuɗin mota ne ya gagara a haɗa maka.

Mu koma. Abu biyu ta fara karantawa: maƙalar da Tu ta rubuta da kanta a Nature Medicine a 2011, da laccarta ta Nobel ta 2015, wadda ke kyauta a shafin Nobel na intanet. A nan za ta ga yadda littafin Ge Hong, wani masanin magunguna na Sin na ƙarni na 4, ya ce a jiƙa ganyen qinghao a ruwa, a matse, a sha. Ganyen dangin tazargade ne, irin wanda ake gani a Kasuwar Kurmi. Daga nan Tu ta yi zargin tafasawa ke lalata sinadarin, ta koma tacewa da wani ruwan sinadari mai suna ether, mai tafasa a wajen digiri 35 kacal. Samfuri na 191, a Oktoba 1971, shi ya kashe ƙwayoyin cutar kakaf a jikin ɓeraye. Wannan ne zuciyar aikin, nan ya kamata ta zauna, ba kan inda aka haife ta ba.

Sai dai waɗannan biyun Tu ce ke ba da labarin kanta, alhali aikin na ɗaruruwan mutane ne, an ma yi ta muhawara kan rabon yabo. Ta nemo ko da marubuci ɗaya na waje ta gwada. Kyautar Nobel ɗin ma rabi ta samu. William Campbell da Satoshi Omura suka raba ɗaya rabin.

Wikipedia kuwa ta gangara ƙasa ta ɗebi madogaran, ta buɗe kowanne da idonta. Wanda ba ta buɗe ba kada ya shiga aikin. Tana karantawa tana rubuta shekara, kundi, shafi da DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, kada ta bari sai daren miƙawa.

Ta turo min in duba kafin Alhamis. Kilishin da ka ce in aiko, turo kuɗin tukuna.

Naka,
Ubangidanka Bakano