Rundunar Faransa mai sunan Chadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan Régiment de marche du Tchad, rundunar sojan ƙasa a reshen da Faransa ke kira sojojin ruwa. Tushenta sojojin Afirka ne da suka bi Leclerc, wani hafsan sojan Faransa, daga Chadi a Yaƙin Duniya na Biyu, suka keta hamada, suka ƙwace Kufra ta Libiya daga hannun Italiya a 1941. Amma a 1943, da tafiya Turai ta taso, sai aka ware baƙar fata. Da rundunar ta shiga Paris a 1944 ana tafi, ba su a ciki. Yau sansaninta na Meyenheim a gabashin Faransa, tana amfani da motocin sulke.

Don Allah jaridarku ta nemo jikokin waɗannan mazaje, mu ji ta bakinsu.

Wassalam,
Mai karatu daga Injamena