A riƙa ajiye kwafin bayanai nesa da ofis

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan kula da rumbun bayanai na kwamfuta, sana'ar da nake yi a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, garin da Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin kakanninmu masu zuwa hajji ta ƙasa.

Mai wannan aiki yakan fara yininsa da duba ko kwafin ajiyar da aka tsara cikin dare ya kammala lafiya, sannan ya karanta rajistar kurakurai, ya ga ko faifan ajiya ya kusa cika. Idan ma'aikata suka yi kukan cewa neman sunan mutum ɗaya yana cin minti biyu, shi ne zai gano inda fihirisa, wato jerin da ke saurin kai kwamfuta ga bayanin da ake nema, ta gaza ya gyara ta. Shi ne kuma yake raba izini, ta yadda mai karɓar kuɗi ba zai leƙa albashin abokan aikinsa ba, wanda ya bar aiki kuwa a rufe masa ƙofa a ranar da ya tafi. A cikin manhajojin rumbun bayanai, ko Oracle ake amfani da shi, ko PostgreSQL, ko SQL Server, nauyin ɗaya ne.

Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun kwafin ajiya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarar da ofisoshi da dama a Khartum sun ajiye babbar kwamfutarsu da kwafinta a gini ɗaya. Na san wata makaranta da faifan kwafinta yake cikin aljihun teburin da kwamfutar take kai, aka kwashe su tare, yau ɗalibanta suna yawo da hoton sakamakon jarrabawa a waya suna neman wanda zai gaskata su, kuma wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Waɗanda suka yi dabarar kai kwafi Wad Madani ma ba su tsira ba, domin yaƙin ya isa can a watan Disamba na shekarar. Da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024, har masu Bankak, manhajar waya ta Bankin Khartum, suka kasa taɓa kuɗinsu, sai muka ga cewa wanda ya dogara da ajiyar intanet kaɗai shi ma hannunsa a ɗaure yake.

Ƙa'idar da muka sani a sana'ar nan tsohuwa ce: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari mai nisa, kuma a kulle shi da kalmar sirri saboda bayanan marasa lafiya da na ɗalibai amana ne. Abin da aka fi sakaci da shi kuwa shi ne gwaji. Kwafin da ba a taɓa mayar da shi a kan wata kwamfuta an ga ya buɗe ba, bai kamata a kwanta a kansa ba, domin faifai yakan lalace shiru, musamman inda wutar lantarki take ɗaukewa a tsakiyar aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shugabanni da yawa suna ganin yinin da muka ɓatar wajen gwaji asara ce.

Saboda haka ina kira ga masu makarantu, ɗakunan shan magani da ƙungiyoyinmu a Maiwurno, Kasala da Damazin, har da 'yan'uwa a Najeriya da Nijar, su kira mai kula da rumbunsu su tambaye shi garin da kwafin ƙarshe yake da ranar da aka gwada shi, sannan su ware masa kuɗin faifai da na batir a cikin kasafin bana.

Wassalam.

Naku,
Mai kula da rumbun bayanai,
Gadarif, Sudan