Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Walƙiyar Rediyo

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taro ya amince, bana zamanmu na wata-wata ya tafi ne kan maudu'i guda: walƙiyar rediyo mai zuwa daga sararin samaniya, wadda masana ke kira FRB, da yadda ake gano galaksin, wato babban garken taurarin, da ta fito.

Mun faro daga tushe. A 2007 Duncan Lorimer da ɗalibinsa suka tsinto ta farko cikin tsofaffin bayanan na'urar Parkes ta Ostareliya, mai sauraron siginar rediyo daga sama, waɗanda aka naɗa tun 2001. Ba ta kai ƙiftawar ido ba. Farantin kama sigina guda ɗaya irin na Parkes yana jin ta, amma fegin sama da yake nunawa cike yake da galaksi. Dole sai an haɗa faranti da yawa masu tazara, a auna bambancin lokacin da siginar ta iso wa kowanne.

Nan muka fi daɗewa. FRB 121102 ta sauƙaƙa wa masu bincike, domin tana maimaita kanta. Suka yi mata kwanton ɓauna da na'urar VLA a Amurka, a 2017 aka sanar cewa wani ɗan ƙaramin galaksi ne gidanta, tafiyar haske ta shekara kusan biliyan 3. Wadda ke walƙawa sau ɗaya ta ɓace kuwa, sai 2019 na'urar ASKAP mai faranti 36 ta kamo gidan irinta.

Muhawara ta yi zafi a zaman da muka yi kan tauraron magnetar na galaksinmu, wato matashin dunƙulallen tauraro mai tsananin ƙarfin maganaɗisu, wanda ya saki irin wannan walƙiya a Afrilun 2020. Wasunmu suka ce magana ta ƙare, matasan taurari ne tushenta. Sai aka kawo wadda aka gano cikin curin tsofaffin taurari a gefen galaksin M81, kowa ya yi shiru. A ganin kwamiti, wannan ne zama mafi amfani a bana.

Laccar da muka kai wa ɗaliban sakandare ta yi armashi, ko da yake rashin wuta ya hana mu nuna hotuna. Kuɗin wata ba ya shigowa yadda ya kamata, ma'aji na jiran masu bashi.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu duba aikin na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu. Mai son jagorantar zama ya ba sakatare sunansa kafin taro na gaba.

Kwamitin gudanarwa