A riƙa faɗa wa masu ciwon suga ainihin sunan maganinsu

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Mahaifiyata shekara takwas kenan tana fama da ciwon suga, tun farko Glucophage aka rubuta mata, shi muka sani shi muke saya. To daga 2023 da dala ta tashi kuɗin magani ya bi ta, sai na lura kwali ɗaya yana daɗewa a wajen Hajiya fiye da da, ashe tsallake kwana take yi wai don kar ta ɗora min nauyi, ni kuma ban sani ba sai da ƙishirwa da yawan fitsarin dare suka dawo muka je aka gwada aka ga sugan ya hau sosai. Wallahi ranar ban iya barci ba.

Wata mai harhaɗa magani ce a unguwarmu ta juya min kwalin ta nuna min ƙaramin rubutun da ke ƙasan sunan: metformin. Ta ce ainihin maganin kenan, Glucophage sunan da kamfani ya raɗa masa ne kawai, kuma kamfanoni da yawa suna yin metformin, har da na nan gida Najeriya, da sauƙin kuɗi. Haka Daonil glibenclamide ne, Diamicron gliclazide, Amaryl kuma glimepiride. Shekara takwas fa, ba wanda ya taɓa faɗa mana!

Amma ta ja min kunne, kar in canza da ka. Sai likita ya sani, a duba ƙarfinsa 500mg ne ko 850 ko 1000, sannan akwai mai narkewa a hankali da ake sa wa SR ko XR, shi da na yau da kullum ba ɗaya ake shansu ba. Insulin kuwa, wato allurar masu ciwon suga, ta ce kar ma in kuskura in canza. Jabu ma ya cika gari, don haka nake duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin in kankare in tura lambar ta tes. Na masu talla a faranti da na cikin mota ba na kallonsu.

Mun koma asibiti likita ya amince, aka sa mata metformin ɗin, ina gwada suganta da safe kafin ta karya, Alhamdulillahi ya daidaita, kuma yanzu ba ta tsallake ko kwana ɗaya.

Roƙona ga likitocinmu, ku riƙa rubuta ainihin sunan magani a kati, ku tambayi mara lafiya ko zai iya saye. Masu kemis kuma ku ji tsoron Allah, in dattijuwa ta ƙirga kuɗinta bai kai ba ta juya za ta fita, ku kira ta ku nuna mata akwai wani.

Nagode.

Mai karanta jaridarku, daga Gwale, Kano